Labarin da Na Karanta wa Inna a Ƙuba

Na san abin da kuka ji a bakin 'yan uwanku na Madina. Kun ji cewa ubanku ya zo daga Landan da halin Turawa, ya shiga gidan Kawu Ilyasu ya aikata abin da aka hana shi, har kakarku ta kwanta a asibiti. To, ba ƙarya suka yi muku ba, sai dai sun ɗauko labarin ne daga tsakiya. Ni kuwa da na ƙare ƙuruciyata ina gyara labaran mutane kafin a watsa su, ba zan tafi in bar nawa a karkace ba. Ku ba ni hankalinku, don ba na son maimaita magana.

A ƙarshen shekarun saba'in ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Landan, ina fassara labarai ina karanta su. Inna kuma tana Madina. Bayan rasuwar Baba ta zo aikin hajji, sai yayanta Kawu Ilyasu ya ce ba za ta koma zaman kaɗaici ba, ya riƙe ta. Shi Kawu tun yana saurayi ya bi ta Sudan ya iso, ya zauna, ya auri 'yar Hausawan da aka haifa a can, ya zama ɗan ƙasa, yana da shagon ɗinki a unguwar Ƙuba. Mutum ne mai kyauta, mai son zumunci, amma bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba, kana cikin faɗa zai ƙarasa maka ya kuma yanke hukunci. Mu biyu Inna ta haifa, Yaya Rakiya da ke aure a Fagge, sai ni. Da yake Yaya ce 'yar fari, Inna ba ta kama sunanta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai ta ce “waccan”, bayan an yi mata aure kuma ta koma “ta Fagge”. Kawu ya ja waya a kan rufin gidansa don rediyon ta kamo mu, kuma duk yamma Inna na zaune a gabanta. In na yi sallama sai ta amsa da ƙarfi. In ta ji muryata ta ɗan dushe, kashegari duk matan unguwa sun san ɗanta na fama da mura a ƙasar Turawa.

Landan kuwa, kada ku ji ana zaginta ku ɗauka ban ci moriyarta ba. Na ci, kuma ina godiya. Gari ne da za ka tashi da safe ka tarar da kwalbar madara a ƙofarka babu wanda ya taɓa, ka je tashar bas ka tarar mutane sun jeru cikin ruwan sama babu mai tsallake wani, ka buɗe jarida ka ga an zana shugaban gwamnati da hancin da ya fi fuskarsa girma, kuma mai zanen ya kwana a gidansa lafiya lau. Ranar da aka fara tura ni majalisarsu na ga dattawa masu furfura suna yi wa firayim minista ihu a kan idonsa, na ce a raina yau sai an ba hammata iska. Da aka tashi sai ga su a bakin ƙofa suna taya juna sa kwat. Tsohuwar da nake haya a gidanta ba ta taɓa tambayata addinina ba, amma da ta lura ina azumi sai ta riƙa ajiye mini miya a kan murhu har faɗuwar rana, ta ajiye ta wuce abinta. Amma kuma garin ne maƙwabcinka zai rasu a bayan bango ba ka sani ba, sai ka ga kwalaben madara sun taru a ƙofarsa. Wasu jaridunsu kuma in suka sa mutum a gaba, ba ruwansu da yana da uwa ko yana da 'ya'ya. Duk na gani da idona, mai daɗin da marar daɗin, kuma ban yarda wani ya ba ni rabi ba.

Editanmu wani tsohon Bature ne da muke kira Mai Lofe, don ba ka raba shi da lofensa ko babu wuta a ciki. Ya taɓa zama a Arewa, yana jin wata gurguwar Hausa da yake alfahari da ita. Dokokinsa biyu ne. Ba ka watsa labari sai ka tabbatar da shi daga wuri fiye da ɗaya, kuma in labarin mutuwa ne ba ka sa masa kuka. A makonnina na farko na karanta labarin wani haɗari da mutane suka hallaka, na ja murya, na ƙara da salati irin yadda kowane ɗan Musulmi zai yi. Ina fitowa ya tare ni a hanya.

“Malam Nuhu, in kai ka yi kukan, me ka bar wa mai mutuwar? Ka gaya masa wa ya rasu, a ina, yaushe. Sannan ka yi shiru.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata wannan mutum bai san Allah ba, ya ɗauka mutuwar mutane labarin farashin gyaɗa ce. Amma aiki aikinsu ne, na bi, har muryar ta zauna mini.

Sai aka shiga wani sanyi da har yau in na tuna shi nake jin sa a ƙashina. Ma'aikata da gwamnati suka sa zare a kan albashi, yau waɗannan sun shiga yajin aiki, gobe waɗancan. Shara ta taru a dandalin tsakiyar gari har ta fi tsayin mutum, ga ƙanƙara, ga ɓeraye. A cikin wannan hali talgiram ya same ni daga Kano cewa Allah ya yi wa Yaya Rakiya rasuwa. Ita ta goya ni, ita ta riƙa raka ni makarantar boko tana riƙe da hannuna don kada in gudu. Na ninke takardar na sa a aljihu, don babu wanda zai karɓe ni a ranar, rabin ma'aikatanmu sun kasa isowa saboda jirgin ƙasa bai tashi ba. Na shiga ɗakin watsa labarai, jar fitilar fara shiri ta kama, kuma labarin da ke saman takardata shi ne masu haƙa kabari a wani gari na arewacin Ingila sun shiga yajin aiki, gawawwaki na ajiye suna jira. Na karanta shi daga farko har ƙarshe da muryar da Mai Lofe ya koya mini.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya bugo mini waya. Ya ce labari ya iso musu, kuma sun yanke shawara ba za a gaya wa Inna ba. Tana da hawan jini, likitan mustashfa, wato asibiti, ya ce zuciyarta ba ta son girgiza. Na buɗe baki zan yi magana ya ce halas, an gama. Ku da kuka tashi a wannan zamani ƙila abin ya ba ku mamaki, amma haka muke yi. Ana ɓoye wa tsoho mutuwa don tausayi, kuma ko lafiyayye ne yake nesa ba a ce masa an rasu, sai a ce jiki ya tsananta, ka taho. Kafin ya ajiye ya ƙara da cewa tun ranar da na karanta labarin masu haƙa kabari Inna ta kashe rediyo, ta ce a ɗauke ta daga ɗakinta. A cewarsa ta ji ɗanta na zancen gawar mutane babu ko innalillahi, ta gane Turawa sun cinye shi. Wannan magana ta fi sanyin Landan shiga jikina.

Da sanyi ya fara raguwa na ɗauki hutu na zo Umara, na wuce Madina. Gidan Kawu yana bayan wani tsohon lambun dabino, kana jin kiran sallar masallacin Ƙuba kamar a tsakar gidan ake yi. Aka karɓe ni hannu bibbiyu. Da safe ga tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, ga shayi, ga kunun gyaɗa da matar Kawu ta dama don ta nuna mini ba su manta gida ba. 'Ya'yansa in na yi musu Hausa sai su yi dariya su amsa da Larabci. Inna ta rame amma tana tafiya da ƙafarta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na yi fari kamar wanda ya yi jinya, ba ta kuma ta da zancen rediyo ba. Ina can sai ga labari gwamnatin Ingila ta faɗi a majalisa da ratar ƙuri'a ɗaya tak, za a yi zaɓe. Kawu ya kasa gane wannan abu. Ya tambaye ni ina sojojin mutumin suke, na ce suna bariki. Na ba shi labarin yadda wanda ya faɗi zaɓe a can yake kwashe kayansa kashegari, motar kaya na jira a ƙofar baya, shi kuma ya fito ya yi wa jama'a godiya. Kawu ya ce wannan ai ba sarauta ba ce, haya ce. Muka yi ta dariya. Mai Lofe kuma ya aiko cewa in dawo da wuri, ni zai ba wa aikin rahoton zaɓen, in na yi shi da kyau kujerar mai ɗauko mana rahoto daga majalisa tawa ce. Abin da na daɗe ina nema ke nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma abin da na tarar a gidan ya hana ni sakat. Duk wanda zai tafi Kano, Inna sai ta haɗa wa ta Fagge saƙo, dabino da turare da lalle da carbi. Kawu ya karɓa ya ce ɗayyib, wato to madalla, ya kai shago ya ɓoye a ƙarƙashin teburin yanka. In baƙo ya zo daga gida, tun a ƙofa ake tare shi a karanta masa abin da zai faɗa, ya shiga ya ce tana gaishe ki, ta ɗan yi rashin lafiya amma da sauƙi. Bayan kowace salla kuma ina jin Inna ta bayan labule tana roƙon Allah ya ba ta Fagge lafiya, ya raba ta da ciwo. Matar Kawu in ta ji sai ta shige madafa ta share hawaye ta fito tana murmushi. Na samu Kawu a shago yana yanka farin yadi na ce masa abin nan ba zai ɗore ba. Bai ɗago kai ba ya ce a can an koya mini duk abin da ka sani sai ka faɗa, a nan kuwa mutane ake rayawa, ba labari ba. Ya ce ƙanwarsa ce tun kafin a haife ni, kuma muddin ina cin abinci a gidansa bakina ya zauna a rufe. Ina so ku gane Kawu ba mugu ba ne. Yana son Inna fiye da ransa, kuma abin da likita ya faɗa gaskiya ne. Na yi masa alkawarin ba zan fara zancen ba, na kuma sa ranar komawa Landan.

Ranar wata Asabar muka taka da Inna zuwa masallacin Ƙuba kamar yadda ta saba, ta yi nafilarta, muka dawo da hantsi. Kawu yana shago, matarsa ta tafi kasuwa. Inna ta zauna a kan darduma ta jawo wani gwangwani tana zaɓar dabino mai kyau tana jerawa a ciki, don in bi da shi in aika Kano. Can sai ta ce in rufe ƙofa in zauna.

“Yaya Ilyasu ya gaya maka na kashe rediyo don ka zama Bature, ko? Bar shi da zancensa. Ranar da ka karanta labarin masu haƙa kabarin nan, da ka zo kan gawa ka tsaya ka haɗiyi yawu. Shekara nawa ina jin ka, ba ka taɓa yi ba. Na ce yaron nan da mutuwa a aljihunsa yake karatu. Na kashe ne don tsoron abin da zan ji gobe.”

Na sunkuyar da kai ina kallon zanen darduma. Ta ce kowa a gidan nan bakinsa ɗaya, tana gaishe ki, da sauƙi, har ta rasa wa za ta tambaya. Ta ce ta gaji da tsoro.

“Kai kake gaya wa duniya wanda ya mutu. Gyara zama ka karanta mini, irin yadda kake yi a can.”

Na tuna Kawu, na tuna likita, na dubi jijiyar wuyanta tana bugawa. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san maganar da zan yi tana iya zama ajalinta. Amma ta tambaya, kuma 'yarta ce. Da na yi niyyar yi irin namu, in fara da sai haƙuri, in yi ta kewaye, na san kuka zai ci ƙarfina kafin in kai ga sunan, ita ce za ta koma tana lallashina. Sai na miƙe baya na ɗora hannuwa a gwiwa kamar jar fitila ta kama. Na ce Allah ya yi wa Yaya Rakiya rasuwa a asibiti a Kano, cikin sanyin da ya wuce, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ciki. Na ce an yi mata sutura a ranar, jama'a da yawa sun sallace ta, 'ya'yanta suna hannun mijinta lafiya. Sannan na yi shiru.

Inna ta ɗauki murfin gwangwanin ta rufe shi a hankali, ta ture shi gefe.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Rakiya. Allah ya jiƙan Rakiyata. Wata da watanni ina roƙa mata lafiya, ashe rahama take jira daga bakina.”

Ranar na fara jin sunan a bakinta. Ta yi ta maimaita shi, ni kuma a nan muryar Mai Lofe ta ƙare mini, muka yi kukanmu tare.

Da la'asar jiri ya ɗebe ta ta faɗi, aka kwashe ta zuwa asibiti. A barandar asibitin Kawu ya nuna ni da yatsa a gaban 'ya'yansa ya ce in ta mutu ni na kashe ta, kuma kada ya dawo ya tarar da jakata a gidansa. Ni ma a lokacin ban san ko gaskiyarsa ce ba. Wani mutumin Maraɗi da ke aikin gini ya ba ni wurin kwana a ɗakinsa a unguwar Aƙiƙ, Allah ya saka masa da alheri, kullum daga can nake hawan bas in je in zauna a bakin gadonta. Na aika wa Mai Lofe cewa ba zan samu dawowa ba. A ƙaramar rediyon mutumin Maraɗin na ji sakamakon zaɓen da muryar abokin aikina, cewa mace ce za ta riƙe gwamnatin Ingila karo na farko. Shi aka ba kujerar rahoton majalisar, kuma ya riƙe ta har muka yi ritaya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, na daɗe in na wuce ta gaban ginin majalisar nan ina kau da kai.

Allah da ikonsa Inna ta tashi. Tana dawowa gida ta ce a shimfiɗa tabarmi, za ta karɓi gaisuwar 'yarta. Kawu ya ce an yi wata nawa, ta ce ita yau aka yi mata. Matan unguwa suka cika gidan, na Kano da na Damagaram da waɗanda Hausarsu ta koma rabi Larabci, aka yi addu'a. Ta sa aka kwaso saƙonnin da ke ƙarƙashin teburin yanka aka rabar sadaka, har da dabinon gwangwanin nan. Ta aika aka kira ni, Kawu ya ga shigata ya tashi ya fita. Da zan yi mata sallama ta kama hannuna ta ce a mayar mata da rediyonta ɗaki.

“Muryar nan da Yaya Ilyasu ke zagi, kada ka canza ta. Duk gidan nan sun yi kukansu a ɓoye sun gama, suka bar ni ina jera dabino. Kai kaɗai ka ba ni nawa.”

Da na koma Landan na ba Mai Lofe labarin duka. Ya yi ta juya lofensa, kunnuwansa suka yi ja, ya ce da Hausarsa “sannu, sannu”, ya tashi da kansa ya haɗo mini shayi. Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma ya ishe ni. Ya daɗe da mutuwa yanzu. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin da ya hana ni salati a gaban makirfo ba, amma ga shi ina godewa. Ina gode wa Kawu ma, wanda ya ciyar da uwata ya tufatar da ita ya kai ta Harami duk Juma'a, lokacin da ni nake can ina ba da labarin rigimar wasu.

Inna ta ƙara shekaru masu dama bayan wannan, tana amsa sallamata duk yamma. Kawu kuwa bai sake yi mini magana ba. In na zo Madina sai in gaishe shi ya amsa wa bango, in na bugo waya ya miƙa wa matarsa. Ana cikin shekarun tamanin, wata rana da rana tsaka ina ofis ina fassara, aka ce ana nemana a waya daga Saudiyya. Na ɗauka, sai na ji muryarsa, ta tsufa.

“Nuhu, Ilyasu ne. Allah ya yi wa mahaifiyarka rasuwa yau da asuba, a ɗakinta, ina riƙe da hannunta. An sallace ta a Harami, mun kai ta Baƙi'a. Ita ta ce kada in ce maka jiki ya tsananta.”

Sannan Kawu, mutumin da bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba, ya yi shiru ya riƙe wayar har na gama kukana.